Da gaske Dostoevsky ya ce wahala ce ke gyara mutum?

Tambaya: Ina yawan cin karo da maganganun wani marubucin Rasha mai suna Dostoevsky a Facebook da WhatsApp, kan wahala da gaskiya da halin ɗan Adam. Wasu suna ratsa ni, wasu kuma kamar suna karo da juna. Mene ne ainihin ra'ayinsa? Da gaske ya ce wahala ce ke gyara mutum? In zan karanta shi, ta ina zan fara?

Amsa: Malam, karon da ka lura da shi na gaske ne, kuma yana da dalili. Mafi yawan maganganun da ake liƙawa a ƙarƙashin hoton wannan dattijo mai gemu ba daga bakinsa suka fito ba. Daga bakin mutanen da ya ƙaga a cikin littattafansa suka fito, su kuwa mutanen nan rigima suke da juna. A cikinsu akwai mai kisan kai, akwai mashayi, akwai mazinaci, akwai mai zuhudu, akwai yaron da tarin fuka ke ci. Kowannensu an ba shi harshe mai kaifi, har wanda marubucin bai yarda da ra'ayinsa ba. Wani manazarci ɗan Rasha, Mikhail Bakhtin, ya rubuta littafi sukutum a 1929 a kan wannan salo na barin muryoyi da yawa su yi magana ba tare da marubucin ya danne su ba. Saboda haka duk maganar da ka gani, tambaya uku za ka yi mata kafin ka tura wa wani: wa ya faɗe ta, wa yake gaya wa, kuma me yake nema a wurinsa?

Ga yadda abin yake lalacewa in ba a yi haka ba. Akwai maganar da ke yawo sosai, mai cewa babu abin da ya fi faɗin gaskiya wuya a duniya, babu kuma abin da ya fi daɗin baki sauƙi. Ana ɗaukarta wa'azi. Tana cikin Crime and Punishment, wato Laifi da Hukunci, amma mai faɗinta Svidrigailov ne, tantirin mazinaci, yana zaune a mashaya yana yi wa Raskolnikov, jarumin littafin, bayanin yadda ya yaudari wata matar aure mai kamun kai da yabo da romon baka. Dabararsa yake koyarwa. Maganar gaskiya ce, to amma ka ga daga wace rijiya aka ɗebo ta.

Haka maganar nan ta cewa kyau ne zai ceci duniya. A littafin The Idiot, jarumin labarin, Yarima Myshkin, ba a ji shi ya furta ta ba. Wani matashi marar lafiya, Ippolit, shi ne ya tambaye shi a bainar jama'a ko da gaske ya taɓa faɗin haka, ya kuma ƙara da zolayar cewa soyayya ce ta kama shi. Myshkin bai ce uffan ba. Ita kuwa wadda ta fi kowace shahara, cewa in babu Allah to komai halal ne, ra'ayin Ivan ne a The Brothers Karamazov, wato 'Yan'uwa na Gidan Karamazov, kuma wasu ne suka fara kawo rahotonta a kansa. Littafin gaba ɗaya gwaji ne na abin da zai faru in wani ya ji wannan magana ya ɗauke ta da gaske. Akwai ma waɗanda ƙarya ce tsagwaronta: maganar cewa ana gane wayewar al'umma ta hanyar shiga gidajen yarinta an binciki rubuce-rubucensa ba a same ta ba, ko da yake ta yi kama da shi.

Inda za ka ji muryarsa shi kansa wuri uku ne: wasiƙunsa, littattafan da yake zana tsarin aikinsa a ciki, da mujallarsa mai suna A Writer's Diary. Daga nan ya kamata a fara maganar wahala, domin mutumin ya sha ta da gaske.

An haifi Fyodor Dostoevsky a Mosko a 1821. Mahaifinsa likita ne a wani asibitin talakawa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1837, mahaifinsa a 1839. Ya yi makarantar injiniyoyin soja a Petersburg, ya bar aikin ya kama rubutu, littafinsa na farko ya fito a 1846 ya yi suna. A Afrilun 1849 aka kama shi tare da wasu matasa da ke taruwa a gidan wani mai suna Petrashevsky suna tattauna littattafan da gwamnati ta haramta. Babban laifinsa shi ne ya karanta wa jama'a wata wasiƙa ta mai sharhin adabi Belinsky wadda ke sukar coci da tsarin da ya ɗaure manoma da gonakin iyayengijinsu kamar bayi. Wata takwas ya yi a kurkuku. Ran 22 ga Disamba 1849, a kalandar Rasha ta lokacin, aka kwashe su zuwa dandalin Semyonov, aka karanta musu hukuncin kisa, aka sa musu fararen riguna, aka ɗaure uku na farko a jikin turaku, sojoji suka saita bindigogi. Shi yana cikin ukun da ke biye. A nan aka dakatar, aka karanta cewa Sarki Nikolas na Ɗaya ya yi musu sassauci. An riga an shirya sassaucin tun da farko, duk abin wasan kwaikwayo ne don a razana su. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure, Grigoriev, hankalinsa bai sake dawowa daidai ba.

A ranar ya rubuta wa yayansa Mikhail wasiƙa. Ma'anar abin da ya ce shi ne rayuwa ko'ina rayuwa ce, tana cikinmu ne ba a waje ba, kuma zama mutum a cikin mutane, ka ci gaba da zama mutum komai masifa, shi ne aikin rayuwa. Ya yi nadamar lokacin da ya ɓata. Wannan ita ce maganar da masu son ƙarfafa gwiwa suke so, kuma tasa ce ta gaske. Amma ka dubi abin da ya yi da ita bayan kusan shekara ashirin. A The Idiot, Myshkin ya ba da labarin wani da aka yi wa irin wannan hukunci, saura masa minti biyar: ya ware biyu don sallama da abokai, biyu don tunanin kansa, ɗaya don kallon duniya na ƙarshe. Ya rantse in aka bar shi da rai ba zai ƙara ɓata ko minti ɗaya ba. Aka yafe masa. Sai aka tambayi Myshkin, to ya cika alkawarin? Ya ce ina, shi da bakinsa ya ce ya ɓata mintoci masu yawa. A ganina wannan ɗan guntun labari ya fi duk abin da ake yaɗawa bayyana mutumin. Ya san hasken da tsoron mutuwa ke kawowa, ya kuma san hasken ba ya daɗewa. Shi kansa, bayan ya tsira daga bakin bindiga, ya shafe shekaru kusan takwas yana zubar da kuɗi a teburin caca a Jamus, har da jinginar da 'yan kunnen matarsa da zoben aurensu, sai a 1871 ya daina.

Hukuncin da aka sauya masa shi ne shekara huɗu na gwale-gwale a Omsk ta Siberiya, da mari a ƙafa dare da rana, sannan aikin soja na tilas a Semipalatinsk, wadda yau take cikin Kazakistan. A hanya, a Tobolsk, matan wasu fursunonin siyasa na da suka ba shi Sabon Alkawari na Baibul, shi ne littafin da aka yarda fursuna ya riƙe, ya kuma ajiye shi har mutuwarsa. Sai a ƙarshen 1859 ya koma Petersburg. Abin da ya gani a Omsk ya zuba shi a Notes from the House of the Dead, wato labarin Gidan Matattu, kuma in kana son amsar tambayarka kai tsaye, nan take.

Amsar ita ce a'a. Mai ba da labarin ya ce shekara da shekaru bai ga alamar nadama a yawancin fursunonin ba, kuma kurkuku da aikin dole ba sa gyara mai laifi, hukunta shi kawai suke yi, suna ƙara masa ƙiyayya. A ƙarshen littafin ma kuka yake da yawan ƙuruciya da ƙarfi da baiwar da aka binne a banza a bayan wannan katanga. Wanda ya rubuta haka ba zai ce maka bayan wuya sai daɗi haka kawai ba. Abin da ya tsaya ya duba da kyau shi ne waɗanne irin wahalhalu ne ke karya mutum, kuma a nan ya yi bayani dalla-dalla kamar likita.

Na farko, aikin da ba shi da ma'ana. Ya lura fursunoni suna jure yin tubali da gini da haƙa, har ma sukan yi himma in aka yanka musu aikin yini aka ce in sun gama su tafi. Sai ya ce in ana son a murƙushe mutum sarai, a sa shi ya riƙa juye ruwa daga wannan bokiti zuwa wancan yana maidowa, ko ya kwashe tsibin ƙasa daga nan zuwa can ya dawo da ita. Cikin 'yan kwanaki zai rataye kansa ko ya aikata kowane laifi don ya huta. Nauyin aikin ba shi ne matsalar ba. Na biyu, rashin kaɗaici: ba a taɓa barin mutum shi kaɗai ko na minti ɗaya, a wurin aiki da masu gadi, a ɗaki da sauran fursunoni cunkus. Na uku, rashin abin da mutum zai ce nasa ne. Ya kira kuɗi 'yancin da aka buga a ƙarfe. Fursuna zai yi wata da watanni yana tara 'yan kwabbai da ɗinki ko gyaran takalma, rana ɗaya ya ƙarar da su a giya, don kawai ya ji ya yi abin da ya ga dama. Ya kuma bayyana abin da ke ba masu gadi mamaki: mutum ya yi shekaru lafiya lau, ba ya faɗa da kowa, rana tsaka ya tashi ya yi ɓarna ba gaira ba dalili. Ya ce mutuntakar da aka danne ce take neman ta nuna tana nan. Bai bar mai bulala ba shi ma, ya ce zalunci sabo ne, yana girma har ya zama cuta, mutumin kirki ma sabo na iya mai da shi dabba.

Wani abu da mai karatu Bahaushe zai so ya sani: cikin mutanen da aka fi yabo a littafin nan akwai Musulmi biyu daga yankin Kaukasus. Nurra, wanda ba ya wasa da salla da azumi, bai taɓa sata ba duk zamansa a wurin. Sai Ali, saurayi daga Dagestan, wanda aka ɗaure saboda bin yayyensa da ya yi, mai ba da labarin ya koya masa karatun Rashanci cikin 'yan makonni. Wahalar da ta mai da wasu namun daji ita ce ta bar waɗannan biyu da mutuncinsu. Da fitowar Dostoevsky a 1854, cikin littattafan da ya roƙi yayansa ya aiko masa har da fassarar Alƙur'ani, tare da littattafan masana falsafar Jamus, Kant da Hegel.

To daga ina maganar tsarkakewa ta wahala ta fito? Tana nan, amma da sharaɗi. Dubi Raskolnikov. Ɗalibi ne da talauci ya kora daga jami'a, mahaifiyarsa na rayuwa da fanshon rubul 120 a shekara. Ya gina wa kansa ra'ayi cewa mutane kashi biyu ne, gama-gari da zaɓaɓɓu irin su Napoleon, kuma zaɓaɓɓe yana da ikon tsallake jini in manufarsa babba ce. Ya kashe wata tsohuwa mai karɓar jingina da gatari, ƙanwarta Lizaveta ta shigo ba zato, ita ma ya kashe ta. Lura da abu ɗaya: bai ko ƙirga kuɗin da ya ɗauka ba. Ya tura jakar ƙarƙashin dutse, sai a shari'a aka gano rubul 317 da 'yan kwabbai ne a ciki. Ashe ba don uwarsa ya yi ba, ba don talakawa ba, duk hujjojin nan lulluɓi ne. Daga baya ya faɗa wa Sonya, budurwar da talauci ya jefa cikin karuwanci, cewa don kansa ya yi kisan, yana son ya gani ko shi ƙwarƙwata ne kamar kowa ko kuwa mutum ne. Ya sha zazzaɓi da firgici da ƙiyayyar masu ƙaunarsa tun daga shafukan farko har ƙarshe, duk wannan azaba ba ta sa shi tuba ba. Ko bayan ya miƙa kansa an yanke masa shekara takwas a Siberiya, abin da ke cin ransa shi ne ya gaza, ba wai ya yi laifi ba. Sai a shafukan ƙarshe ya faɗi a ƙafafun Sonya. Wahalar da ke da amfani a wurin Dostoevsky ita ce wadda mai laifi ya karɓa da kansa bayan ya daina yi wa kansa ƙarya, kuma akwai wani da ya tsaya tare da shi. Maganar nan da ake yaɗawa cewa baƙin ciki dole ne ga mai faɗin hankali da zurfin zuciya, Raskolnikov ne ya faɗe ta, a gaban mai binciken da ke farautarsa, lokacin da yake ganin kansa cikin manya.

A cikin wannan littafi dai akwai Katerina Ivanovna, matar mashayi Marmeladov, wadda talauci da tarin fuka suka haukata, ta fita titi tana sa 'ya'yanta rawa da bara, ta mutu tana aman jini. Babu abin da wahala ta gyara mata. Wahalar wanda bai ji ba bai gani ba kuwa, Dostoevsky bai taɓa wanke ta ba. Ya ɗauke ta babbar tambaya, ya miƙa wa Ivan Karamazov. Ivan ya jero labaran azabtar da yara, har da na wani janar da ya sa karnukan farauta suka yayyaga yaro ɗan shekara takwas a gaban uwarsa, sannan ya ce in da hawayen yaro ɗaya za a sayi jituwar duniya baki ɗaya, shi ya maido tikitinsa. Marubucin ya shaida wa editansa a 1879 cewa labaran yaran nan ba ƙagawa ya yi ba, daga jaridu ya samo su. Kuma ya rubuta wannan sashe ne shekara guda bayan ɗansa Alyosha ya rasu yana gab da cika shekara uku, da farfaɗiya, cutar da shi uban yake fama da ita. Kafin nan, a 1868, 'yarsa ta fari ta rasu a Janeba tana da wata uku.

Bai ba Ivan amsa da hujja ba, kuma da gangan ya yi. A wata wasiƙa ya ce amsar tana cikin sashe na shida na littafin Karamazov, rayuwar dattijo Zosima mai zuhudu a coci, ya kuma amsa cewa yana fargabar ko za ta isa. Masu karatu har yau sun rabu a kan ko ta isa. Abin da Zosima ya yi da wata uwa da ɗanta mai shekara uku ya mutu ya nuna hanyar: bai hana ta kuka ba, ya ce ta yi kukanta, kada ma ta nemi lallashi, sannan ya tura ta ta koma wurin mijinta da ta bari yana shaye-shaye. Wato bai warware mata dalilin mutuwar ba, ya nuna mata wanda ke bukatarta yanzu.

A nan ne maganar gaskiya ta shigo. Mu mun saba cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, muna nufin ƙaryar da ake yi wa mutane za ta tonu. Shi ƙaryar da ta dame shi ita ce wadda ba mai tona ta, wadda mutum ke yi wa kansa. Zosima ya jera matakanta ga tsoho Fyodor Karamazov: mai yi wa kansa ƙarya yana sauraronta zai kai inda ba ya gane gaskiya a cikinsa ko a kewayensa, daga nan ya daina ganin girman kansa da na mutane, in girmamawa ta tafi ƙauna ta tafi, sai ya cike gurbin da sha'awa. Ya ƙara wani abu mai ciwo: irin wannan mutum shi ya fi kowa saurin jin an ɓata masa, domin jin an zalunce ka yana da daɗi, ko da ka san kai ka ƙirƙiro zaluncin. Haka ya ba wata attajira labarin likitan da ya ce yana ƙaunar 'yan Adam baki ɗaya har zai iya mutuwa dominsu, amma ba zai iya kwana biyu a ɗaki ɗaya da mutum ba, wannan ya cika daɗewa a kan abinci, wancan ya cika fyace majina. Ƙauna ta aiki abu ce mai tsanani in aka gwada ta da ƙauna ta mafarki. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ko ya riƙe maraya ya san abin da ake nufi.

Kan halin ɗan Adam, yana ɗan shekara 17 ya rubuta wa yayansa cewa mutum asiri ne, in ka ƙare rayuwarka kana warware shi kada ka ce ka ɓata lokaci. Babban abokin gardamarsa shi ne ra'ayin da ya yaɗu a matasan Rasha a shekarun 1860, musamman bayan littafin Chernyshevsky na 1863, cewa mutum yana aikata mugunta ne kawai don bai san amfaninsa ba, in aka wayar masa da kai aka gyara tattalin arziki zai zama nagari. Notes from Underground, na 1864, martani ne. Mai maganar ciki, tsohon ƙaramin ma'aikaci mai shekara arba'in, ya ce ka ba mutum duk jin daɗin duniya, zai yi wata ɓarna da gangan don kawai ya tabbatar shi ba maɓallin kayan kiɗa ba ne da ake dannawa. Kuskuren masu karatu matasa shi ne su ɗauki wannan mutum gwarzo. Sashe na biyu yana nan don hana haka: abokansa sun wulaƙanta shi, shi kuma ya je ya huce a kan Liza, yarinyar da ta fi shi rauni. Wanda aka taka yakan nemi wanda zai taka. Hali zanen dutse ba karin maganar Dostoevsky ba ce. Tasa ta fi kusa da abin da Dmitri Karamazov ya ce, cewa mutum ya cika faɗi, da zai iya da ya rage shi, domin zuciya ɗaya tana ɗauke da tsarki da ƙazanta a lokaci guda.

Kada ka mai da shi waliyyi. Kirista ne ɗan cocin Otodoks, mafitar da yake nunawa ta addininsa ce, mai karatu Musulmi zai gane inda hanya ta rabu ba sai an gaya masa ba. Ya kira kansa ɗan zamanin shakka, ya kuma ce imaninsa ta cikin wutar shakka ya biyo. A mujallarsa ya rubuta maganganun ƙyamar Yahudawa, ya goyi bayan yaƙin Rasha da Daular Turkawa na 1877, ya nace sai Santambul ta zama ta Rasha. Mutumin da ya fi kowa iya tona ƙaryar da ake yi wa kai bai tsira daga tasa ba. Littattafan sun fi mujallar gaskiya, saboda a cikinsu yana barin abokin gaba ya yi magana.

Yanzu ta ina za ka fara. Kada ka fara da Karamazov, shafi kusan 800 ne, kuma kashi ɗaya cikin uku na farko muhawara ce. Kada kuma ka fara da Notes from Underground don ka ga siriri ne, sashensa na farko ya kori mutane da yawa. Fara da Crime and Punishment: kashi shida da rufewa, shafi wajen 500, in kana cin shafi 20 a rana wata guda ya ishe ka. Labari ne mai jan hankali kamar na 'yan sanda. Daga nan Gidan Matattu, sannan Underground, sannan The Idiot, Karamazov a ƙarshe. Demons, wanda ya gina a kan kisan da wata ƙungiyar juyin juya hali ta Nechaev ta yi wa ɗalibi a 1869, ka bar shi sai ka saba, shafukansa ɗari na farko suna tafiyar hawainiya.

Abin da ya fi sa mutane ajiye littafin shi ne sunaye. Ba-Rashe yana da sunansa, da sunan da ke nuna ubansa, da sunan gidansu, ga kuma sunan gida na lele. Rodion Romanovich Raskolnikov shi ne Rodya a bakin uwarsa. Alexei shi ne Alyosha, Dmitri shi ne Mitya. Kamar Abubakar ne da ake kira Garba ko Habu ko Buba. Ka ware takarda ɗaya ka riƙa rubuta kowane mutum da duk sunayensa da alaƙarsa da jarumi. Ka kuma kula da wanda ake amfani da shi: sunan mutum haɗe da na ubansa girmamawa ce, sunan lele kusanci ne ko raini, sauyawa daga wannan zuwa wancan a tsakiyar hira labari ne da kansa. Kuɗi ma ka riƙa bin su. Rubul ɗaya kobek 100 ne. In ka ga tsohuwar ta yi wa agogon mahaifin Raskolnikov kuɗi rubul ɗaya da rabi, ta zare ruwa tun kafin ta miƙa ya tashi da rubul ɗaya da kobek 15, za ka ji zafin da ke cikin ɗakin.

Za ka ga wurare sun yi tsawo, wasu babi kuma suna yankewa a daidai inda rai ke so. Dalili shi ne a mujalla ake buga littattafan kashi-kashi, kamar yadda marubutanmu ke sakin labari shafi-shafi a waya, kuma bashi na binsa. Bayan matarsa ta fari da yayansa sun rasu a 1864 ya ɗauki basussukan yayan. A 1866 yana tsakiyar Crime and Punishment wa'adin wata yarjejeniya ya matso: in bai miƙa wa mawallafi Stellovsky sabon littafi zuwa 1 ga Nuwamba ba, mutumin zai riƙa buga ayyukansa kyauta har shekara tara. Ya ɗauki wata budurwa mai saurin rubutu da alamomi, Anna Snitkina, yana faɗa tana rubutawa, suka gama The Gambler cikin kwana 26. Ita ya aura a 1867, ita ce kuma ta riƙe harkar buga littattafansa har ta fitar da gidan daga bashi kafin ya rasu a 1881.

Game da fassara, ta Constance Garnett, wadda ta fara fitowa a 1912, kyauta ce a intanet, Turancinta na da ne amma yana tafiya sumul, sai dai takan goge kaushin salon marubucin. Ta Pevear da Volokhonsky, daga 1990, ta fi manne wa Rashancin, wasu kuma suna jin ta da tauri. In Larabcinka ya fi Turancinka ƙarfi, akwai fassarar Sami al-Durubi, ɗan Siriya, wadda ya yi daga Faransanci, ta yaɗu sosai a ƙasashen Larabawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka karanta babin farko a fassara biyu, ka riƙe wadda ba ta sa ka komawa baya.

In kuma wata magana ta sake zuwa maka a waya da hotonsa, ka kwafi kalmomi huɗu ko biyar daga tsakiyarta, ka buɗe fassarar Garnett ka bincika. Masu yaɗawa yawanci daga ita suke ciro na Turanci. In ka same ta, ka koma baya shafi biyu ka ga wa ke magana. In babu sunan littafi a tare da ita, ba ka kuma same ta a ko ɗaya daga cikin manyan littattafan ba, ka ajiye ta a matsayin maganar da ba a san mai ita ba.